Wa Ya Ce Kwanan Daji Aro Ne?

A hutun kakar bara na kwashi ɗalibaina goma sha biyu muka kwana biyu a bakin kogin Kafin Hausa, ƙarƙashin wata tsohuwar tsamiya da itatuwan giyayya suka kewaye. Guzurinmu tabarmi ne da gidan sauro da tukunya guda. Da muka dawo, wani dattijo da nake ganin girmansa ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce: "Malam, mai ɗaki da katifa ya tafi daji ya kwana? Wannan ai koyi da Nasara ne." Na rusuna na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba." Amma ban yarda ba, har yau kuwa ban yarda ba.

Tun yaushe kwanan daji ya zama na Nasara? Kalmar zango ba daga Ingila ta zo mana ba. Fataken da suka yi safarar goro daga Gwanja a gindin itace suke sauke kaya, kusa da ruwa. Masunta sukan yi makonni a bakin gulbi suna banda kifi. Bafulatani bai taɓa neman izinin kowa ba kafin ya kwana kusa da garkensa. Gardawan ƙasar Haɗejiya kuwa, da rani sukan fita kiskadi, su kafa bukkoki a bayan gari don karatu ya zauna. Abin da Bature ya ƙara shi ne tanti da takalmin hawa dutse, mu kuma muka ga tantin muka sallama masa gadon gaba ɗaya.

Da abin ya tsaya ga gardamar asali da na yi shiru. Sai dai inuwar da muka ƙaurace wa ba ta zauna babu kowa ba: mai gatari ya gaje ta. Duk wanda ya bi hanyoyinmu ya ga buhunan gawayi jere a bakin kwalta, kuma kowane buhu a bara inuwa ne. Kogin ma ba na da ba ne. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina zuwa da tafiya bisa tsohuwar ƙa'idarsa, kachala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyinsa. Ambaliyar 2022 ta nuna wa Jigawa abin da kogi ke yi idan ya rasa hanya, kuma gaɓar da babu saiwa ita ce ke fara zaftarewa.

Za a ce ai hukuma ta yi nata. An sanya dausayin Baturiya cikin jerin Ramsar a 2008, a 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince ya shiga sahun sababbin gandun daji na ƙasa. Madalla. Amma takarda ba ta jin saran gatari da tsakar dare. Tsuntsaye na ƙetaro Sahara daga Turai su yi hunturu a wurin, alhali yaron da aka haifa a Kafin Hausa yana gama sakandare bai taɓa taka shi ba. Gobe shi ne kansila, shi ne mai gandun daji, shi za a kawo wa takardar sayar da kurmin ya sa hannu. Me zai hana shi?

Hujja guda ce take ba ni nauyi, ita ce ta yunwa. Mai ƙona gawayi ba don ƙeta yake yi ba, kuma ba ni da bakin yi masa wa'azi ina ƙoshe. Shi ya sa ba na goyon bayan masu son a zagaye kogin da waya, a kafa ƙofa da ɗan karɓar kuɗi, a kori masunci da makiyayi don baƙo ya ɗauki hoto. Ina son makarantunmu su riƙa kai yara kwana biyu a shekara, da sanin mai unguwa da rakiyar mafarauta, a biya ɗan gari ladan jagora, a sayi kifinsa da nononsa, har ya ga tsayayyen itace ma yana kawo kuɗi.

A safiyar da za mu tashi, ƙaramin cikinsu ya zo ya ce mini ya ƙirga kututture goma sha tara tsakanin tsamiyarmu da mashaya. Ban aike shi ba. Ya tambaye ni wa ya sare su, na ce ban sani ba, sai ya ce idan mun koma zai tambayi babansa.