Ma'aikacin Da Ya Naƙasa A Bakin Aiki: Yaushe Zai Ɗauki Lauya?

Idan injin ya datse wa ma'aikaci hannu a masana'anta, ko birkila ya faɗo daga kan bene ƙafafunsa suka mutu, abin da kan raba hankalin 'yan'uwansa shi ne: a ɗauki lauya, ko kuwa a jira abin da kamfani zai yi? Amsar tana cikin dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987.

Bisa wannan doka, mai kamfani ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin ma'aikatansa a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, kuma an hana shi yanke ko kwabo daga albashinsu don wannan. Daga asusun nan ake biyan diyya. Wanda ya naƙasa ƙwarai har ba zai sake iya aiki ba, ana biyan sa kashi 90 cikin 100 na albashinsa wata-wata. Wanda abin bai kai haka ba, sai a ba shi gwargwadon naƙasarsa. Hatta hatsarin da ya same shi a hanya tsakanin gidansa da wurin aiki yana ciki.

Neman wannan diyya tun farko ba ya bukatar lauya. Kula da kwanaki yake bukata. Ma'aikaci, ko wani a madadinsa, zai sanar da mai kamfani cikin kwana 14 da aukuwar abin. Shi kuma mai kamfani an ba shi kwana 7 ya kai rahoto ga hukuma. Takardar neman diyyar kuwa dole ta shiga cikin shekara guda, sai fa in akwai uzuri mai ƙarfi, wanda kan sa a karɓa har zuwa shekara 3. A nan ne ake yin asara. Sai manaja ya biya kuɗin asibiti, ya ce a kwantar da hankali, iyali su yi ta zaman jiran alkawari har wa'adi ya wuce.

To, amma akwai wurare huɗu da lauya ke zama tilas. Na farko, idan kamfani ya ƙi kai rahoto, ko ya ce mutumin lebura ne kawai, ba ma'aikacinsa ba. Dokar ta haɗa har da masu aikin wucin gadi da 'yan koyon sana'a, amma tabbatar da haka sai da hujja. Na biyu, idan hukuma ta ƙi biya, ko ta ƙiyasta naƙasar ƙasa da yadda take. Mai ƙorafi yana da kwana 180 ya nemi ta sake duba hukuncinta, in bai gamsu ba ya wuce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, inda shiga ba lauya ganganci ne. Na uku, idan wani na dabam ne ya jawo hatsarin, alal misali direban wata mota da ba ta kamfanin ba. Nan akwai zaɓi tsakanin karɓar diyya da kai wancan ƙara, kuma bai kamata a yanke shawara ba tare da masani ba. Na huɗu, idan an kawo wa majinyaci takarda da 'yan kuɗi a ce ya sa hannu ya yafe sauran. Doka ta ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi da mai kamfani ta barin haƙƙinsa na diyya banza ce. Duk da haka, gara lauya ya karanta kafin a dangwala.

Wajen zaɓen lauya kuma sai an yi hattara, domin akwai 'yan-na-iya da ke shawagi a asibitoci da harabar kotu. Lauyan gaske yana manna hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya a takardunsa. A tambaye shi ko ya taɓa riƙe shari'ar ma'aikata, a kuma rubuta ladansa tun ranar farko. In an shirya zai ɗauki kaso ne daga abin da aka samu, a faɗi kashi nawa, da wanda zai ɗauki kuɗin shigar da ƙara. Rahoton likita da takardar albashi da katin aiki su zauna a hannun mai su, lauya ya riƙe kwafi.

Wanda ba shi da hali kuma bai rasa mafita ba. Hukumar Ba Da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, tana ba da lauya kyauta ga wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, watau Naira 70,000 a wata bisa dokar 2024, kuma neman diyyar hatsari yana cikin aikinta.

Lauya yana iya ƙwato haƙƙin da aka danne, amma da wuya ya dawo da wa'adin da aka bari ya shuɗe. Saboda haka, tun majinyaci yana kwance, wani daga cikin dangi ya rubuta sanarwa, ya kai ofishin kamfani, ya sa a buga hatimi da kwanan wata a kan kwafinsa.