Bijimai Shida, Hanyoyi Ashirin

Jama'a, a ce wani mai kiwo a Nassarawo ta Mubi yana da bijimai shida. Ya yi ƙuri'a, uku ya ba su sabon abinci mai tsada, uku ya bar su da dusa. Ran kasuwa aka auna, sai ga ukun farko duk sun fi sauran nauyi. To, abincin ne, ko kuwa dace?

Hanyoyin zaɓen uku cikin shida 20 ne, ɗaya tak ce ke haɗa manyan nan wuri guda. Ke nan ko da abincin ba shi da amfani, sau ɗaya cikin 20 za a ga haka. Wannan ita ce cikakkiyar ƙidaya, irin wadda Wilcoxon ya tsara a 1945, Mann da Whitney suka faɗaɗa a 1947.

Akwai kuma hanyar kintace, wadda ta dace da babban garke. A nan in ba a yi mata gyara ba, ɗaya cikin 40 take bayarwa, wato ta ninka ƙarfin shaidar.

Saboda haka malaman gona, in dabbobin kaɗan ne, ku daure ku ƙirga. Kada kintace ya sa talaka ya yi asarar kuɗinsa.