Shirun Majinyaci Ba Shi Ne Samun Sauƙi Ba

Idan zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da mutum, ba a shan wahalar gane ko magani ya karɓe shi. Za a taɓa goshinsa a ji zafi ya sauka, a kai jininsa ɗakin gwaji a ga ƙwayoyin cutar sun ɓace. Cututtukan da suka shafi hankali ba su da irin wannan ma'auni. Har yau babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da likita zai ɗaga ya ce ga shaida, ciwo ya ragu da kashi kaza. Don haka jama'a suka ƙago nasu ma'aunin. Je ka Kakuri ko Narayi ko Sabon Tasha, ka tambayi dangin wanda ke karɓar magani a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa yaya mai jiki. Amsar da za ka fi ji ita ce, “Da sauƙi, ya yi shiru, barci yake ta yi.”

A ganina wannan ma'auni gurgu ne, kuma asararsa iri biyu ce. Yana sa a bar mutum shekara da shekaru a kan adadin maganin da ya danne shi kawai, yana kuma sa a watsar da maganin da ke kan hanyar aiki don bai nuna komai ba a makon farko. Abin da ya kamata a auna shi ne yadda mutum ke komawa cikin harkokinsa na yau da kullum, a cikin wa'adin da maganin ke bukata.

Bari mu fara da abin da ɗalibin kimiyyar halittu ya riga ya sani. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam na ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Ba su manne da juna ba. Tsakanin wannan da waccan akwai 'yar siririyar tazara, wato mahaɗa. Saƙo na tsallake mahaɗar ne a cikin wani sinadari da ƙwaya ta farko ke saki, ya je ya dace da makarɓinsa a jikin ta biyu kamar yadda ɗan makulli ke dacewa da kwaɗo. Dofamin da sarotonin suna cikin waɗannan 'yan aike. Magunguna irin su haloferidol suna toshe wasu makarɓan dofamin. Fuloksetin kuwa yana hana ƙwayar jijiya sake zuƙe sarotonin ɗin da ta saki, sai ya daɗe a mahaɗa. Abin lura shi ne fuloksetin yakan fara wannan aiki cikin 'yan sa'o'i da haɗiye shi, amma mai ciwon damuwa mai tsanani yakan yi mako 2 zuwa 4 kafin ya ji wani sauyi na a zo a gani. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne ƙwaƙwalwa na bukatar lokaci ta sake daidaita yawan makarɓanta da ƙarfin mahaɗanta. Maganin yana shiga jini yau, gyaran kuwa sai ya ɗauki makonni. Shi ya sa likitoci ba su cika yanke hukunci a kan irin wannan magani ba sai an sha cikakken adadinsa na mako 4 zuwa 6.

Barcin da ake murna da shi fa, daga ina yake? A shekarar 1952, a asibitin Sainte-Anne da ke birnin Faris, likitoci biyu, Jean Delay da Pierre Deniker, suka fara ba masu taɓin hankali kulofuromazin, wanda a nan aka fi sani da sunan Largactil. Kafin lokacin akwai magungunan sa barci birjik, kuma ba su warkar da kowa ba. Abin da ya sa aka ɗauki sabon maganin a matsayin juyin juya hali shi ne majinyatan da ke farke sun fara rabuwa da ruɗun da ya mamaye su. Nauyin ido da kasalar da yake kawowa sun fi fitowa daga taɓa makarɓan wani sinadari dabam mai suna histamin, kamar yadda wasu magungunan mura ke yi. Haka amitiriftilin: tun daren farko yakan sa barci ya busar da baki, alhali aikinsa a kan damuwa bai ko soma bayyana ba. Wato barcin ɗan rakiya ne. Yana iya zuwa tare da sauƙi, yana kuma iya zuwa shi kaɗai.

Na san abin da za a ce mini. Iyalin da suka yi wata guda ba su runtsa ba, ɗansu yana fita tsakar dare yana faɗa da mutanen unguwa, su ne suka san darajar shiru. Ban raina wannan ba. A kwanakin farko na tashin ciwo, kwantar da mutum ya samu barci wani ɓangare ne na jinya, musamman ga mai ciwon nan da ke ɗaga rai sama ya hana barci kwana da kwanaki. Inda na saɓa da su shi ne tsayawa a nan. Mari ma yana sa mutum ya zauna wuri guda. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, da yawansu da sarƙa a ƙafa, kuma iyaye ne suka kai akasarinsu da sunan gyaran hali. Idan abin da muke nema ga majinyaci bai wuce ya daina damun mu ba, to mun mayar da ƙwayar magani wani irin mari.

To, me za a duba? Ga mai jin muryoyi ko mai zargin ana bin sa, sauƙi ba ya zuwa kamar an kashe rediyo. Da farko firgici ke raguwa. Sannan sai ka ji ya ce muryoyin suna nan amma sun yi nisa, ko ba sa ba shi umarni kamar dā. Wanda ya tabbata maƙwabci na sa masa guba sai ya fara cewa “wataƙila”. Wannan “wataƙila” ta fi barcin sa'a 14 daraja. Ga mai ciwon damuwa kuwa, na kusa da shi sukan riga shi gani: ya yi wanka ba a ce masa ba, ya cinye tuwonsa, ya amsa gaisuwa da fiye da kalma ɗaya, alhali shi yana cewa bai ji wani bambanci ba. Daga nan sai manyan alamu: tela ya koma kan kekensa, mai sayar da kayan miya ta koma kasuwa tana ba da canji daidai, ɗalibi ya karanta shafi guda ya tuna abin da ke ciki, mutum ya koma sahun masallaci ko kujerarsa a coci ba tare da an ja shi ba. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya gina aikinsa a kan irin wannan fahimta tun 1954 a Aro, kusa da Abeokuta, inda majinyata ke zama a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa jinya da rana. A cikin jama'a ake ganin ko mutum ya dawo.

Akwai kuma wanda ba a cika tambaya ba, shi ne majinyacin kansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan ya ce kansa ya yi nauyi kamar an cusa auduga, ko ba ya jin daɗi ba ya jin ɓacin rai, wannan bayani ne da likita ke bukata, ko da gida ya yi lafiya lau.

Wani wurin da ake yawan tuntuɓe shi ne ɗaukar illar magani a matsayin ƙaruwar ciwo. Saurayi ya fara shan haloferidol, bayan kwana 2 ko 3 sai wuyansa ya murɗe, idanunsa suka kafe sama, harshe ya fito. A gidaje da dama nan take za a ce iska ce, a nufi wurin mai ruƙiyya ko gidan addu'a, a jefar da maganin. Alhali sandarewar tsoka ce da toshe dofamin ke haddasawa, kuma a asibiti ana kwance ta cikin ɗan lokaci. Wata illar ta fi wannan yaudara: mutum ya kasa zama, yana ta kai-komo, ƙafafunsa ba sa tsayawa. Dangi su ce ciwo ya tashi, su ƙara masa ƙwaya, abin ya ƙara muni, domin maganin ne sanadi. Tafiya a sandare, rawar hannu da dalalar miyau su ma alamu ne cewa adadin ya yi yawa ko maganin bai dace da shi ba. Jikin mutane ya bambanta wajen sarrafa magani a hanta, ta yadda adadin da ya yi wa wani daidai zai iya yi wa ɗan'uwansa yawa. Idan kuwa sandarewa ta haɗu da zazzaɓi mai zafi da ruɗewa, ba a jiran ranar ganin likita. Asibiti ake nufa a lokacin.

Haka nan a sa ido sosai a makonnin farko na maganin damuwa, musamman ga matasa. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2004 game da yara, ta faɗaɗa shi a 2007 zuwa duk wanda bai kai shekara 25 ba, cewa tunanin hallaka kai na iya ƙaruwa ga wasu a wannan lokaci. Duk maganar da ta yi kama da haka a kai ta ga likita a ranar, kuma ya kasance wani babba ne ke ajiye maganin a gida.

A nan ne ɗalibin sakandare ke da rawar takawa, domin a gidaje da yawa shi ne mai riƙe da biro. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne kawai ga al'umma fiye da miliyan 200, saboda haka mintunan da majinyaci ke samu gaban likita ƙalilan ne, kuma “da sauƙi” ba ta gaya wa likita komai. Ku sami littafin rubutu mai shafi 40. Ku zauna da majinyacin, da yardarsa, ku zaɓi abubuwa 3 ko 4 da ciwon ya ƙwace masa. Kowace Juma'a a rubuta: sa'a nawa yake barci, sau nawa ya fita, ya yi aikinsa ko bai yi ba, wace illa ta bayyana, kwana nawa aka tsallake magani. Wannan ba baƙon abu ba ne a kimiyya. A 1960 Max Hamilton ya wallafa ma'aunin ciwon damuwa a Ingila, kuma ba komai ba ne illa jerin tambayoyi kan barci, cin abinci, aiki da yanayin rai, kowace da makinta. Masu bincike sukan ce magani ya fara karɓar mutum idan jimillar makin ta ragu da rabi. Malamai ma suna da abin gani da iyaye ba sa gani: rajistar aji da littafin aikin gida sun fi kowa sanin ranar da ɗalibi ya fara dawowa.

Layin “kwana nawa aka tsallake” shi ne mafi nauyi a littafin. Kafin a ce magani ya gaza, sai a tabbata an sha shi. Wani yana raba ƙwaya biyu don ta kai ƙarshen wata, saboda tsada. Wani yana ɓoye ta ƙarƙashin harshe. Wani yana sha, amma yana haɗawa da wiwi ko taramol, waɗanda ke rushe abin da ake ginawa. Ga wanda shan ƙwaya kullum ya gagara, akwai allurar da ake yi bayan mako 2 zuwa 4, sai a tambayi likita. Idan kuma an sha daidai, wa'adi ya cika, babu sauyi, wannan ba ƙarshen hanya ba ne. A wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutane wajen 4,000, wanda sakamakonsa ya fito a 2006, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kacal suka rabu da alamun ciwon damuwa da maganin farko. Wasu sai a na biyu ko na uku. Sauya magani aikin likita ne na yau da kullum.

Lityam, wanda John Cade ya gano amfaninsa a Ostireliya a 1949, shi ne ya ɗan fita dabam, domin ana auna shi a jini. Amma gwajin yana nuna yawan maganin ne a jiki, sauƙin kuma sai an duba shi a rayuwar mutum kamar sauran. Tazarar da ke tsakanin adadi mai amfani da mai cutarwa ƙanƙanuwa ce, kuma ƙarancin ruwa a jiki na ɗaga shi. Zafin Maris da Afrilu a Kaduna, gudawa, ko azumi ba tare da shawarar likita ba, duk suna iya kai mai shan sa ga amai, karkarwa da tangaɗi.

Saura tarko na ƙarshe, wanda nasara ce ke haƙa shi. Mutum ya koma aiki, ya yi ƙiba, maƙwabta sun manta, sai a ce ai ya warke, me ya rage na shan ƙwaya? Wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje da dama, wanda mujallar Lancet ta buga a 2012, ya nuna cewa cikin masu ciwon sikizofireniya da aka mayar kan ƙwayar da babu magani a cikinta, kashi 64 cikin ɗari ciwon ya dawo musu a cikin shekara guda. Waɗanda suka ci gaba da magani kuwa kashi 27 ne. Ga ciwon damuwa, ƙa'idar ita ce a ci gaba aƙalla wata 6 bayan an ji garau. Wannan ba ya nufin kowa zai sha har abada. Da yawa ana rage musu sannu a hankali har su daina, amma likita ne ke tsara ragewar, domin yanke wasu magungunan farat ɗaya na kawo jiri, rashin barci da fargaba, waɗanda su ma ake ɗauka dawowar ciwo ne. Ranar da za a je wannan tattaunawa a Barnawa, a tafi da littafin.