Ƙarar Lantarki Tana Cinye Muryar Malami

Akwai wani abu da ya daɗe yana damun mu da muke zagaya makarantu, ga shi kuwa ba a cika maganarsa ba, domin ana ganin ƙarami ne. Watau ƙarar nan da kan shiga cikin murya in an ɗauki magana da kwamfutar tafi-da-gidanka. Malami ya kwana yana shirya darasi, ya zauna gaban makirufo ya karanta shi tsaf, amma in aka kunna don a saurara sai a ji kamar a gindin injin niƙa ya yi maganar. Akawu ya ɗauki zaman majalisa don ya rubuta abin da aka zartar, ya koma ofis ya tarar gurnani ya haɗiye rabin abin da aka faɗa. Daga nan sai a zagi kwamfutar, ko a ce sai haƙuri, a tura abin haka nan. To, jama'a, wannan ƙara ba aikin aljanu ba ce. Tana da dalilai sanannu, kuma tun kafin a fara ɗauka ake maganinta. Laifin kuwa bai tsaya kan malami kaɗai ba, ya kai ga masu sayo mana kayan da masu sa waya a gine-ginenmu.

Bari mu fara duba abin da ake asara. Bayan da cutar korona ta sa aka rufe makarantun Nijeriya a watan Maris na 2020, sai jihohi irin su Kaduna da Kano suka shiga ba da darasi ta rediyo, malamai da yawa kuma suka koyi ɗaukar murya su aika wa yaransu ta WhatsApp. An buɗe makarantu tuni, amma al'adar ta zauna, kuma alheri ce. Sai dai yaron da ake aika wa darasin ba ya gaban malami balle ya ɗaga hannu ya ce a maimaita. Yana saurare ne ta ɗan lasifikan wayar uwarsa, wataƙila a tsakar gida cikin hayaniyar ƙanne. Tsakanin baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, bambancin ɗan kaɗan ne ga kunnen mai koyo. Haka kuma sin da sad ga mai koyon karatun Alƙur'ani. In huci ya rufe waɗannan, me aka koya wa yaron?

Wannan ma da sauƙi, domin darasi ana iya sake ɗaukarsa. Ina ga tsohon da ɗalibanmu sukan je ƙauye su ɗauko tarihin garinsu daga bakinsa? Abin da muke ji yau na muryar Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, shi ne abin da aka ɗauka yana da rai, babu ƙari. Haka yake ga kowane dattijo. In an ɗauki maganarsa cikin gurnani, bana yana nan, baɗi wa ya sani?

Yanzu sai mu zo ga dalili. Makirufo yana juya murya ta zama lantarki, amma lantarkin nan ɗan mitsitsi ne ƙwarai, 'yan kashi kaɗan ne daga cikin dubu na bolt ɗaya. Cajar kwamfuta kuwa galibi bolt 19 ko 20 take bayarwa, wutar bango kuma wajen bolt 230 ce. Saboda haka tilas kwamfuta ta haɓaka ɗan lantarkin makirufon nan ninki ɗari ko fiye kafin ya amfanu, kuma abin da yake haɓaka shi ɗin yana zaune ne a matse cikin akwati ɗaya da sauran kayan cikin kwamfutar, waɗanda ba su daina kunnawa da kashewa. Kamar mutum ne yana raɗa a tsakiyar maƙera. In ka ƙara wa raɗar ƙarfi, har da ƙarar guduma ka ƙara wa, domin na'ura ba ta san muryar malami daban ba. Har wa yau, yawancin ƙananan makirufo da ake sokawa a ɗan ramin nan mai faɗin milimita 3.5 irin waɗanda James West da Gerhard Sessler suka ƙago ne a ma'aikatar bincike ta Bell a Amurka cikin 1962. Irinsu suna bukatar 'yar wuta daga kwamfuta, kuma ta wayar da murya take bi ita ma wutar take zuwa. In wutar ta zo da dauɗa, lalle muryar ta kwasa.

Ƙarar ba iri ɗaya ba ce, kuma wanda ya iya rarrabe su da kunne ya yi rabin aikin. Ta farko gurnani ne mai kauri wanda ba ya hawa ba ya sauka. Wannan daga wutar bango yake. Wutar Nijeriya da ta Nijar tana kaiwa da komowa sau 50 cikin daƙiƙa ɗaya, ta Amurka sau 60, kuma wannan kai-komon ne kunne yake ji, tare da 'ya'yansa na sau 100 da 150, waɗanda suka faɗo daidai inda kaurin muryar namiji yake. Doguwar waya marar kariya in ta bi kusa da wayar wuta takan tsince shi kamar eriya. Yakan kuma taso in an haɗa kwamfuta da injin lasifika alhali kowanne yana soket daban, sai wata 'yar wuta ta riƙa zagayawa tsakaninsu ta wayar murya. Janareta da inbata mai araha sukan ƙara masa kaifi, domin wutarsu ba ta fita sumul.

Ta biyu kamar kukan gyare take, siririya, takan sauya in an motsa linzamin kwamfuta ko an buɗe wani aiki. Wannan daga caja take ko daga cikin kwamfutar kanta, domin cajar zamanin nan tana yanka wuta ne sau dubbai cikin daƙiƙa kafin ta rage ta. Ta uku huci ne kamar yayyafi a kan kwano. Shi kuwa yawanci malami ne ya zauna nesa da makirufo, murya ta yi ƙasa, sai ya shiga saitin Windows ya ɗaga ƙarin ƙarfin nan mai hawa 10 da 20 da 30 har ƙarshe. Ta huɗu kowa ya san ta, ita ce ƙyat-ƙyat ɗin nan da akan ji gab da kira zai shigo, domin wayar hannu in tana kan tsohon layin GSM tana harba saƙonta wajen sau 217 cikin daƙiƙa. Akwai kuma ƙarar fankar kwamfuta da ta danna haruffa. Su ba na lantarki ba ne, makirufon da ke jikin kwamfutar ne yake kwashe su, don ya fi kusa da su bisa ga bakin mai magana.

Yaya za a gane wadda ake fama da ita? Gwajin bai kai minti biyu ba, kuma ba a biyan ko kwabo. Ka sa abin saurare a kunne. Ka ɗauki shiru na daƙiƙa 10 caja tana jone, sa'an nan ka cire caja ka ɗauki wasu 10, ka saurara. In ƙarar ta ɗauke, ka kama ɓarawonka. In ba ta ɗauke ba, ka kai wayar hannu wani ɗaki, ka sake. Sa'an nan ka kashe fitilar ɗakin da fanka, ka sake. Sa'an nan ka rage ƙarin ƙarfin. Abu ɗaya za ka riƙa sauyawa kowane karo, domin in ka sauya uku gaba ɗaya ba za ka san wanda ya yi aikin ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka a yi gwajin nan kafin dattijo ya zauna a tabarma, kafin kuma 'yan majalisa su hallara.

Maganin farko shi ne a cika batir tun da wuri, a cire caja sa'ad da ake ɗauka. Na biyu a matso. In ka rage nisan bakinka da makirufo da rabi, ƙarfin muryar da ke isa gare shi ya ninka biyu, hucin na'ura kuwa yana nan yadda yake. Taƙi ɗaya ya isa, a ɗan karkata shi gefe don kada iskar baki ta buge shi. Na uku a duba bakin wayar. Wani yana da zobe baƙi biyu, wani uku, kuma masu ukun ma iri biyu ne, CTIA da OMTP, waɗanda suka musanya gurbin murya da na ƙasa. In bakin bai dace da ramin ba, sai ƙara ko shiru. Na huɗu, wanda ya fi duka in da hali, a bar ɗan ramin nan sam, a sayi makirufo mai shiga ta USB, ko ɗan akwatin sauti na USB, domin a fitar da aikin haɓaka muryar daga cikin maƙerar nan. Ba ya kashe kowace ƙara, tun da shi ma daga kwamfutar yake shan wuta, amma bambancin ba ya ɓuya. A babban zaure kuma, inda waya za ta yi tafiya mai nisa, a nemi mai haƙora uku da ake kira XLR, wadda aka yi ta yadda ƙarar da ta tsinta a hanya za ta soke kanta, kuma a jona kayan duka a soket ɗaya.

Ga gargaɗi ɗaya da nake roƙon kowa ya riƙe. Wasu masu gyara sukan ce a karya haƙorin nan na uku na filogi, wai gurnani zai daina. Wani lokaci yakan daina ɗin. Amma haƙorin nan shi ne hanyar da wuta za ta bi ta shige ƙasa ran da na'ura ta lalace, in babu shi kuwa sai ta nemi jikin wanda ya riƙe makirufo. Ba a sayen tsabtar murya da ran yaro.

Na san wani zai ce, ai akwai manhaja mai goge ƙara, me ya kawo wannan wahala duka? Gaskiya ne akwai. Audacity, wadda ta fito tun 2000, kyauta ce, tana kuwa rage huci da gurnani in ba su yi yawa ba, kuma sababbin manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira sun fi ta ƙarfi nesa. Amma tsakuwa ce ake tsincewa daga shinkafa. Kananzir in ya zuba a gari, sai dai a rage wari. In aka matsa wa manhaja sai ta gutsure wutsiyar kalmomi, murya ta koma kamar daga cikin tulu take fitowa. Sababbin kuma inda ba su ji da kyau ba sukan cike gurbin da kintace. Ga hira tsakanin abokai babu laifi, amma ga darasin furuci, ko maganar da za a ajiye don tarihi, ko abin da majalisa ta zartar, kintacen na'ura ba shaida ba ne. In ma an goge, to, a adana na asalin.

Wani kuma zai ce babu kuɗi. Yawancin abin da na lissafa kyauta ne. Hasali ma wayar hannu mai kyau, in tana kan batirinta, aka kashe layinta, aka ajiye ta kusa da baki, sau da yawa takan fi ramin kwamfuta tsabtar ɗauka, kuma babu abin kunya ga malamin da ya yi amfani da ita. Abin da ya rage na saye kuwa bai kai kusa da kuɗin kwamfuta ɗaya ba. Abin mamaki shi ne a cika ɗaki da kwamfutoci, a yi biki a yanka ƙyalle, amma babu makirufo ko ɗaya mai kirki a cikin lissafin, ko kuwa a sayo mafi araha a kasuwa. Araha dai ba ta ado.

Saboda haka ina da roƙo uku. Na ɗaya ga akawuna da ma'aji da duk masu rubuta takardar sayen kaya: duk makarantar da za a ba kwamfutoci, a sa mata makirufo na USB ko da guda ɗaya ne, da abin saurare na kunne, da caja ta ainihi, kuma kada a sa hannu a kan takardar karɓa sai an yi gwajin shirun nan a gaban ɗan kwangila. Na biyu ga masu lura da gine-gine: sau nawa mukan ga soket mai rami uku, amma in an kwance shi a tarar ramin na uku ba a haɗa shi da kome ba? A tilasta wa masu wayarin su sa wayar ƙasa, su kafa sandarta, a kuma auna kafin a biya su. Wannan maganar rai ce tun kafin ta zama maganar sauti. Na uku ga kwalejojinmu na horon malamai: muna koya wa ɗalibi yadda zai tsaya gaban allo, da yadda zai ɗaga murya har na bayan aji ya ji. To, yau na bayan ajin yana iya kasancewa a wani ƙauye, waya a kunne. Darasi biyu ko uku sun isa a koya wa kowane ɗalibi ƙararrakin nan huɗu da maganinsu, a kuma sa shi ya kawo ɗauka mai tsabta ta minti biyar kafin ya tafi koyarwar gwaji.

Ku kuma 'yan'uwana malamai, kada ku jira sai an yi muku waɗannan. Daga yau kada wanda ya aika wa yara murya sai ya saurare ta tukuna daga farko har ƙarshe, a irin wayar da su za su saurara. Malamin kirki ba ya rubutu a kan allon da ba a goge ba, don ya san yaro ba zai iya karantawa ba. Kunnen yaro ma yana da wannan hakki a kanmu. Allah ya ba mu ikon saukewa, amin.