Sitiyari ba shi ne ke cin tsere ba

A wasannin tseren mota na bidiyo, abu ɗaya ake auna gwaninta da shi: daƙiƙoƙin da mota ta ci kafin ta kammala zagaye. Manyan hanyoyin tuƙa motar biyu ne. Akwai manet, abin riƙewar nan da ke zuwa tare da PlayStation, akwai kuma sitiyari da ake ɗaurewa a tebur, da fedar totur da ta birki a ƙasa. Ra'ayin da ya yi kaka-gida, tun daga bidiyoyin YouTube har zuwa ɗakunan wasa na Maraɗi inda ƙwallon ƙafa ya mamaye yawancin talabijin, shi ne wai mai manet ba zai taɓa kamo mai sitiyari ba, kuma duk wanda lokacinsa ya tsaya cik, rashin kayan aiki ne ya tsayar da shi. Wannan magana kuskure ce, kuskure mai cin kuɗi da kashe gwiwa.

Asalinta ba ɓoyayye ba ne. A 2008 Nissan da Sony suka buɗe gasar GT Academy, wadda ta riƙa ɗaukar gwanayen wasan Gran Turismo tana mayar da su direbobin tsere na gaske. Lucas Ordóñez ɗan Sifaniya ne ya fara lashe ta. Jann Mardenborough ɗan Birtaniya ya ci a 2011, bayan shekara biyu ya zo na uku a ajinsa a tseren awa 24 na Le Mans, har aka yi fim a kan labarinsa a 2023. Max Verstappen, wanda ya taɓa zama zakaran Formula 1, shi ma yana tsere ta intanet a kujera mai sitiyari. Matashi ya ga hotunan nan, sai ya ɗauka ƙarfen ne ya kai su inda suka kai. Hoto kuwa ba ya nuna zagayen da ba su ƙirguwa waɗanda mutanen nan suka yi a hanya guda har suka haddace ta.

Lokaci a wurin birki yake salwanta. A filin Monza na Italiya, mai tsawon kilomita 5.793, motar Formula 1 tana isa lanƙwasar farko da gudun da ya haura kilomita 300 a awa, dole ta sauko ƙasa da 100. Lissafin mai sauƙi ne: mota mai gudun kilomita 200 a awa tana cin kusan mita 55 a daƙiƙa ɗaya, don haka jinkirin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya kai mita biyar da rabi. Sabon shiga yakan ɗauka jarumta ce ya jinkirta birki. Sai ya wuce bakin kwana, ya murɗa da ƙarfi, tayoyin gaba su ƙi kamawa, ya fita a hankali, wannan rashin gudu kuma ya bi shi har ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya. Gwani yana taka birki da ƙarfi tun motar tana miƙe, ya riƙa sassautawa yana karkatowa, ya shafi gefen ciki, sannan ya buɗe totur da wuri. Sannu ba ta hana zuwa. A nan ma ita ce ke kawo zuwa da wuri. Babu ɗaya cikin waɗannan matakai da ya gagari manet, domin maɓallan L2 da R2 suna jin nauyin yatsa, ana iya danna su kaɗan ko rabi ko duka. Ɗan kabu-kabun da ya san kowane rami tsakanin Maraɗi da Tibiri zai riga baƙo isa ko da babur ɗin baƙon ya fi nasa sabunta.

Akwai kuma abin da masu tallar sitiyari ba su cika faɗi ba. Masu ƙera Gran Turismo da Forza da Need for Speed sun san cewa da manet yawancin jama'a ke wasa, shi ya sa suka gina taimako a cikin wasan: idan gudu ya yi yawa, wasan yana rage yadda tayoyi ke juyawa ko da an tura sandar manet har ƙarshe, yana kuma tausasa motsin yatsa. Mai sitiyari ba ya samun wannan gata haka. Sitiyarin Logitech G29 yana juyawa digiri 900, wato zagaye biyu da rabi, kuma idan bayan mota ya zame, hannu ne zai bi duk wannan tazara ya dawo da ita. Shi ya sa wanda ya koma sitiyari yakan ga lokacinsa ya lalace da farko. A wasan Trackmania ma, manyan gwanaye da yawa da manet ko maɓallan kwamfuta suke cin gasa.

Sitiyari yana da nasa, kuma bai kamata a tauye shi ba. Injin da ke cikinsa yana isar wa hannu labarin tayoyi tun kafin ido ya ga mota ta zame. A dogon tsere inda tayoyi ke cinyewa, tuƙi mai laushi yana adana su. A wasanni irin su iRacing, waɗanda aka gina don kwaikwayon motar gaske, shi ne kayan aikin da ya dace, kuma a zagayen ƙarshe na gasar duniya ta Gran Turismo a kansa ake zama. Amma wannan riba ta waɗanda suka riga suka ƙure komai ce, suna neman ɓurɓushin daƙiƙa. Wanda ke bayan gwanaye da daƙiƙa uku ko huɗu, matsalarsa tana kansa da idonsa.

A Maraɗi maganar ta fi nauyi, saboda kuɗi. G29 ya fito a 2015 a kan kusan dalar Amurka 400, abin da ya haura jaka ɗari biyu na sefa, kafin a sa kuɗin ɗauko shi. Ga ƙura da zafi masu cin kayan lantarki, ga ƙarancin mai gyara. Ga kuma wuta: layin da ke kawo wa yankin lantarki daga Najeriya ya biyo ta Katsina ne, kuma kowa ya tuna duhun da aka sha lokacin da aka yanke shi a Agustan 2023, har zuwa Maris na 2024. Mai ɗakin wasa a birni ko a Jiratawa da ke da irin wannan kuɗi, batir da faifan sola da na'urar daidaita wuta sun fi masa amfani nesa ba kusa ba. Sai talabijin. Da yawansu suna jinkirta hoto saboda ƙawata launi, kuma kunna tsarin wasa a cikin saitinsu yana rage jinkirin kyauta. A gudun kilomita 200, wannan kaɗai mitoci ne.

Hanyar rage lokaci sananniya ce. A zaɓi mota ɗaya da fili ɗaya a zauna a kansu. A kafa alamar birki da allunan gefen hanya masu nuna mita 150 da 100 da 50. A bi motar inuwa, wadda ke maimaita zagayen wanda ya fi gudu, a ga inda take taka birki da inda take buɗe totur. Gran Turismo 7 na 2022 yana da jarrabawar lasisi da darasin da ke yanka fili gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da lokacin tagulla da azurfa da zinariya. Wanda bai ci zinariya a nan da manet ba, sitiyari ba zai ci masa ita ba.