Kifin da kuka gani a bidiyo ba na kandami ba ne

Kwanan nan mutum uku suka turo min bidiyon Turawa suna jawo wani dogon kifi mai sheƙi, suna tambaya wai ina za a samu 'ya'yansa a zuba a kandami. Gaskiya kar kowa ya ɓata kuɗinsa.

Sunansa king mackerel. Kifin ruwan gishiri ne, yana yawo a gaɓar tekun Atilantika daga Amurka har Burazil. Idan ruwa ya yi ɗumi sai ya matso kusa da gaɓa yana bin ƙananan kifaye, a nan masuntan Fulorida da Karolina ta Arewa suke tare shi. Suna maƙala kifi mai rai a ƙugiya, su riƙa jan sa a hankali a bayan jirgi. Haƙoransa kamar reza suke, shi ya sa ake ɗaura waya a bakin zaren, a kuma ƙara ƙugiya ta biyu wajen wutsiyar koton, don ya kan datse shi gida biyu ya wuce. To kifi mai wannan gudun, ta yaya zai zauna a tankin roba a bayan gida? Ko titus ɗin da muke saye a daskare, ɗan uwansa ne, kuma shi ma kamo shi ake yi a teku.

Ga wata kuma: hukumar abinci ta Amurka ta sa shi cikin kifayen da masu juna biyu da yara za su guje wa, saboda sinadarin makuri da yake tarawa a jikinsa.

Ni abin da ya ja hankalina dokarsu ce. A shekarun 1980 kifin ya ja baya saboda yawan kamu, sai aka ƙayyade adadi, daga baya kuma aka ce wanda bai kai inci 24 ba a mayar da shi ruwa. Ya farfaɗo. Mu kuwa na sha ganin ana tace dam da gidan sauro, har 'yan mitsi-mitsin karfasa ba a bari, sannan mu dawo muna cewa ruwa ya mutu.

Mai jarin farawa, ka tsaya kan tarwada ko karfasa. In wani ya ce zai sayar maka da 'ya'yan wannan kifin, ka ce ya fara nuna maka iyayen a kandaminsa.