Tsofaffin kwamfutocin makarantunmu ba su mutu ba: darasi daga tarihin Xfce

A wata makaranta da na koyar shekarun baya, akwai wani ɗaki da yara ke kira ɗakin kwamfuta, amma da yawansu har suka ɗauki jarabawar BEPC ba su taɓa leƙa cikinsa ba. Wata ƙungiya ce ta kawo na'urorin kyauta, tsofaffi ne da wani ofis ya gama aiki da su a Turai. Aka yi taro, aka yi jawabai, aka ɗauki hotuna. Ba a daɗe ba suka fara nauyi: ka kunna ɗaya, ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama buɗewa ba. Aka kira mai gyara, ya duba ya ce sun tsufa, sai dai a nemi sababbi. Direkta ya sa kwaɗo a ƙofa, ƙurar hunturu ta ƙarasa sauran aikin.

Na san malamai da yawa za su ce ai labarin makarantarsu nake bayarwa. Abin da nake so in faɗa musu, su da iyayen yara, shi ne yawancin waɗannan na'urori jikinsu lafiya lau yake, kayan da aka ɗora musu ne suka fi ƙarfinsu, kamar jakin da aka yi wa labtun raƙumi. Kuma akwai mutanen da suka kai kusan shekara 30 suna ƙera kaya daidai ƙarfin irin wannan jakin, suna raba shi kyauta. Sunan aikin nasu Xfce, kuma tarihinsa ya cancanci mu san shi kafin mu sake sa kwaɗo a wani ɗakin.

Bari mu fara da bayanin abin da ake magana a kai. Idan ka kunna kwamfuta, abin da idonka ke gani, wato allo da ƴan hotunan da ake dannawa, da sandar da ke ɗauke da agogo, da tagogin da kake buɗewa kana rufewa, da wurin da kake ajiye takardunka, shi nake kira fuskar kwamfuta. A Windows, fuskar da babbar manhajar da ke ƙarƙashinta a haɗe suke zuwa, kamfani ne ya zaɓa maka. A Linux kuwa, wadda ita ma babbar manhaja ce amma ta kyauta, kai ke zaɓen fuskar da kake so. Akwai GNOME, akwai KDE, akwai wasu da dama. Xfce ɗaya ce daga cikinsu, kuma an san ta da rashin nauyi. Alamarta ma ɗan ɓera ne.

Wani Bafaranshe mai suna Olivier Fourdan ne ya fara ta a 1996. A lokacin manyan kwamfutocin kamfanoni masu aiki da Unix suna da wata fuska mai suna CDE, wadda sai da kuɗi ake samunta. Fourdan ya so irinta a kan Linux ɗinsa, sai ya zauna ya rubuta tasa. Mai rubuta manhaja ba ya fara komai daga tushe, yakan ɗauki kayan ginin da wasu suka riga suka tanada, kamar yadda magini ke sayen tubali. Tubalin da Fourdan ya ɗauka sunansa XForms, kuma daga nan ne haruffa biyu na farkon sunan Xfce suka samo asali. A 1998 ya fitar da siga ta 2.

A nan ne ya yi karo da bango. Ya nemi kamfanin Red Hat ya saka Xfce cikin Linux ɗin da yake rarrabawa, aka ƙi. Dalilin shi ne XForms a wancan lokacin kyauta ce kawai ga mai amfanin kansa, kuma masu ita ba su buɗe rubutunta na asali ba, don haka ba wanda ke da ikon gyara ta ko rarraba ta yadda ya ga dama. Ƙungiyar Debian ma ba ta karɓe ta cikin babban rumbunta ba saboda wannan dalilin. Fourdan ya gina ɗaki mai kyau, amma da tubalin aro.

A watan Maris na 1999 ya yanke shawarar da ba kowa ke iya yankewa ba: ya rushe ginin ya sake shi gaba ɗaya da wani tubalin mai suna GTK, wanda kowa ke da ƴancin amfani da shi. Siga ta 3 ta fito a ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowane mutum izinin ya yi aiki da manhajar, ya karanta yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya kwafa ya ba wani, da sharaɗin wanda ya karɓa shi ma ya samu wannan izinin. Daga nan wasu masu sa kai daga ƙasashe daban-daban suka shigo. Siga ta 4.0 ta fito a watan Satumba na 2003. A 2007 siga ta 4.4 ta zo da Thunar, manhajar shirya takardu da Benedikt Meurer ya rubuta, wadda har yau ita ake aiki da ita. Shi kansa Fourdan daga baya ya zama ma'aikacin Red Hat, kamfanin da ya ƙi karɓar aikinsa tun farko.

Darasi na farko ke nan, kuma ya shafe mu kai tsaye. Abin kyauta daban, abin da kake da iko a kansa daban. Mun saba da kyauta: a kawo mana na'ura da manhajar da ba mu da lasisinta, ko mai gyara ya ɗora mana kwafin sata daga kilen USB ɗin da ya zaga kwamfuta ɗari, ya haɗa mana da ƙwayoyin cuta. Ranar da abin ya tsaya, ba mu da wanda za mu tambaya. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Makarantar da ta ɗora Xfce tana iya kwafa ta a na'ura goma ko ɗari, ta ba kowane malami ya kai gida, ba ta karya doka ba, ba ta biya ko dala ba, kuma ba ranar da wani zai zo ya ce wa'adi ya ƙare.

Maganar wa'adi ba tatsuniya ba ce. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba ba Windows 10, sai dai ƙarin lokaci na wucin gadi ga waɗanda suka nema. Windows 11 kuma tana buƙatar wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar aiki aƙalla giga 4, da injin da bai tsufa ba. Kamfani yana da haƙƙin tsara kasuwancinsa. Amma mu san cewa na'urorin da ofisoshin Turai ke fitarwa saboda ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba, irinsu ne ke ƙarewa a kasuwanninmu da makarantunmu. Ko dai mu san abin da za mu ɗora musu, ko mu zama juji.

Darasi na biyu yana cikin yadda Xfce ke tafiya. Dubi tazarar sigoginta: 4.10 a 2012, 4.12 a 2015, sannan 4.14 sai a watan Agusta na 2019, bayan shekara huɗu da rabi. A tsakanin nan wasu har sun fara cewa aikin ya mutu. Masu shi kuwa suna can suna canza tubalin ƙasa daga GTK 2 zuwa GTK 3, aiki mai wahala wanda mai amfani kusan ba zai ga alamarsa a allo ba, kuma haka suka so. Bayan nan 4.16 ta fito a Disamba 2020, 4.18 a Disamba 2022, 4.20 a Disamba 2024. Wanda ya iya Xfce shekara 15 da suka wuce, yau ma idan ya zauna gabanta zai gane hanyarsa.

A kwatanta da abin da ya faru a 2011, lokacin da GNOME ta fitar da siga ta 3 ta sauya kamanninta baki ɗaya. Mutane da yawa suka ji kamar an sauya musu ƙofar gida cikin dare. Wasu suka ɗauki tsohuwar sigar suka ci gaba da ita da sunan MATE, abin da lasisin ya ba su dama. Linus Torvalds, wanda ya fara Linux a 1991, ya bayyana a wannan shekarar cewa ya koma Xfce, ko da yake daga baya ya sake komawa GNOME. Ba ina cewa masu GNOME sun yi laifi ba, suna da nasu masoyan. Amma malami ya san darajar abin da ba ya sauyawa. Idan na rubuta darasi a kaye, na ce wa yaro danna nan, buɗe wannan, ajiye a can, ina so baɗi da baɗin baɗaɗa darasin ya ci gaba da aiki. Mushen da ke da yara cike da aji da kwamfuta biyar ba shi da lokacin sake koyon inda aka ɓoye maɓalli.

Na san abin da wasu iyaye za su ce, domin an sha faɗa mini: yaro zai nemi aiki a ofis, ofis kuma Windows da Word yake nema. Maganar tana da tushe. Amsata ita ce, abin da yaron koleji ke buƙata shi ne ya iya buga rubutu da yatsunsa, ya san bambancin takarda da jakar da ake ajiye ta, ya tsara wasiƙa, ya yi lissafi a jadawali, ya nemi bayani. Duk wannan ana koyonsa da LibreOffice a kan Xfce, kuma LibreOffice tana buɗe takardun Word da Excel, ko da yake wani lokacin tsarin shafi yakan ɗan goce. Wanda ya iya tuƙa wata mota ba ya shan wahalar wata. Sannan zaɓin da ke gabanmu a yawancin makarantu ai tsakanin Xfce ne da ɗakin da ke kulle.

Akwai kuma iyakokin da ya kamata in faɗa, don kada a ce na yi tallar maganin kowace cuta. Xfce ba ta kawo wutar lantarki, ba ta gyara na'urar da zafi ya ƙone. Shafukan intanet na yau suna da nauyi, kwamfuta mai ƙaramar ƙwaƙwalwa za ta ja ƙafa a kansu ko wace fuska aka sa mata. Wata na'urar buga takarda takan ƙi haɗuwa da Linux sai an sha fama. Masu rubuta Xfce kuma ƴan sa kai ne kaɗan, shi ya sa sababbin abubuwa ke isowa gare ta a makare. Babbar matsalar ma ita ce ta mutum: idan ba wanda ya iya ta a makarantar, ranar da ta tsaya za a koma ga kwaɗo.

Amma wannan matsalar muna iya maganinta, kuma wasu sun riga sun gwada. A Faransa akwai masu sa kai da suka haɗa wata Linux mai suna Emmabuntüs tun 2011, don farfaɗo da tsofaffin kwamfutocin da ake ba ƙungiyar Emmaüs sadaka. Xfce ce fuskarta, kuma da ita suka taimaka aka buɗe ɗakunan kwamfuta a makarantun Togo. Akwai kuma Xubuntu, da Linux Mint mai Xfce, da MX Linux. Duk ana iya sa su a kilen USB a kunna kwamfuta da su a gwada, ba tare da an goge komai ba. Suna da Faransanci, kuma a cikin jerin tsarin maɓallan Linux akwai na Hausa, wanda ke fitar da ɓ da ɗ da ƙ. Malamin da ke koyar da Hausa ya san wahalar da ake sha kafin a samu waɗannan haruffa. Ƙofar fassara Xfce zuwa kowane harshe ma a buɗe take ga duk mai niyya, ba sai an nemi izinin wani kamfani ba.

Don haka ga roƙona. Ƴan uwana malamai, wanda ke da ɗakin kwamfuta a kulle ya nemi mabuɗin, ya share ƙura, ya gwada na'ura ɗaya. Iyaye, musamman waɗanda ke cikin COGES da ƙungiyar iyayen yara, idan aka kawo maganar tara kuɗin sababbin kwamfutoci, ku fara tambaya ko an gwada tsofaffin da manhaja marar nauyi. Idan wata ƙungiya ta zo da kyauta, ku gode mata, sannan ku tambaye ta wace manhaja ce a ciki, wa ke da lasisinta, kuma wa za a koya wa gyaranta. A Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai muna da jami'o'i, cikinsu akwai samari da ƴan mata da suka iya wannan aikin. A gayyaci ɗaya ranar Asabar, a ba shi kuɗin kabu-kabu da abincin rana, ya koya wa malamai biyu.

Fourdan mutum ɗaya ne da ya so abin da ba shi da shi, ya ƙera, aka ƙi karɓa, ya gano inda kuskuren yake, ya sake daga farko. Mu ba a ce mu ƙera komai ba, an riga an gama an ajiye mana. Abin da ya rage shi ne wani ya je ofishin direkta ya karɓo mabuɗi.